Ƙararrawa Biyu a Ƙasa: Tarihin Cocin Maryamu na Birnin Lubek

Duk wanda ya shiga Cocin Maryamu da ke birnin Lubek, a arewacin Jamus, ya nufi gindin hasumiyar kudu, zai tarar da ƙararrawa biyu kwance a ƙasa. Sun farfashe, wani sashe nasu ya narke, nauyinsu kuma ya rurrushe daɓen da suka faɗa a kai har suka nutse a cikinsa. An kewaye wurin da shingen ƙarfe. Tun daren 28 ga watan Maris na 1942 suke nan, ba wanda ya ɗaga su. Ƙaramar an ƙera ta a 1508. Babbar, wadda aka ƙera a ƙarni na 17, nauyinta ya kai ton bakwai.

An sake gina rufin cocin, an mayar da kawunan hasumiyoyinsa, an sa sababbin tagogi, amma waɗannan ƙararrawa an bar su da gangan. A cikin wannan ginin dai, a shekarun da ake wannan gyara, an yi wani abu da ya saɓa wa hakan: an zana hotunan jabu a bango, aka ce wa duniya aikin magabata ne. Kafin mu kai ga wannan, sai mun fara sanin su wa suka gina cocin, da abin da ya sa suka kai shi wannan tsawo.

Garin fatake

An kafa Lubek a 1143 a kan wani tudu da koguna biyu, Trave da Wakenitz, suka kewaye kamar tsibiri. Bayan gobara da rigimar sarauta, basarake Henry, wanda ake wa laƙabi da Zaki, ya sake kafa garin a 1159. Shekara guda bayan haka aka mayar da kujerar bishof zuwa can, a 1173 kuma aka aza harsashin babban cocinsa a kudancin tsibirin. A 1226 Sarkin Sarakuna Frederick na Biyu ya ba Lubek matsayin gari mai cin gashin kansa, wanda ba ya ƙarƙashin wani basarake sai sarkin sarakuna kaɗai. Daga nan mulki ya koma hannun majalisar gari, majalisar kuwa ta manyan 'yan kasuwa ce.

Arzikinsu daga ruwa yake. Kogin Trave yana zuba a Tekun Baltik, kuma tafiyar Hamburg, ƙofar Tekun Arewa, gajeruwa ce ta ƙasa. Ana kawo gishiri daga Luneburg, a loda shi a jiragen ruwa zuwa gaɓar Skane, a kudancin Sweden ta yau, inda ake kama kifin herin da yawan gaske. A nan ake cusa kifin a ganga da gishiri, a rarraba shi cikin Turai, inda Kiristocin wancan zamani ke ƙaurace wa nama a ranaku masu yawa na shekara. Fatun dabbobi da kakin zuma suna zuwa daga Novgorod ta Rasha, busasshen kifi daga Bergen ta Norway, yadudduka daga Bruges. Garuruwan da ke wannan fatauci suka haɗu a ƙungiyar da ake kira Hansa, Lubek ce uwarta, kuma a nan aka yi babban taronta na farko a 1356.

Attajiran da suka kai wannan matsayi ba za su so a ce ginin da ya fi kowanne girma a garinsu na bishof ne ba. Cocin bishof yana gefen gari. Nasu cocin, na Maryamu, yana kan ƙololuwar tudun, jikin kasuwa da gidan majalisa. A wajen tsakiyar ƙarni na 13, bayan gobarar 1251, suka shiga sāke shi gaba ɗaya. Aikin ya ɗauki kimanin shekara ɗari, aka kammala hasumiyoyin a 1351. Cocin bishof ya fi shi tsawon kwance, amma rufin Cocin Maryamu ya kusa ninka nasa a tsaye, hasumiyoyinsa biyu kuma, masu kusan mita 125 kowacce, sun ɗara na bishof. Matuƙin jirgin da ke tahowa daga teku, su yake fara hangowa.

Cocin ya zama wani ɓangare na mulkin gari. A cikinsa akwai ɗakin ibada na magajin gari, a samansa kuma akwai ma'ajiyar da ake adana takardun 'yancin garin da yarjejeniyoyinsa. Fataken Bergen suna da nasu ɗakin ibada tsakanin hasumiyoyin biyu, fataken Skane da na Novgorod kuma kowa da kujerunsa. Wurin zaman mutum a ranar Lahadi yana nuna matsayinsa a kasuwa.

Yadda aka ɗaga tubali sama

Salon ginin daga Faransa ya zo. A can, a garuruwa irin su Reims da Soissons, magina sun gano yadda za a ɗaga rufi sama ƙwarai ba tare da bango mai kauri ba. Salon ne ake kira Gotik. Sai dai Faransawa suna da dutsen da ake sassaƙawa. Filin arewacin Jamus kuwa yashi ne da laka da duwatsun da ba su sassaƙuwa da sauƙi. Abin da Lubek ke da shi a wadace shi ne yumɓu, saboda haka da jan bulo, wato gasasshen tubali, aka yi aikin.

Wannan ya sauya kamannin ginin. Mai sassaƙar dutse yana iya fitar da ganye da fure da fuskokin mutane a kowace kusurwa. Mai tubali sai dai ya buga siffar da yake so a cikin ma'auni tun yumɓu yana ɗanye, ya gasa, sannan ya jera. Don haka adon ya ragu, aka bar manyan bangaye a miƙe, kyan ginin ya koma ga tsawonsa da daidaiton sassansa. Inda dutse ya zama dole, sai a shigo da shi ta jirgin ruwa, kamar farar dutsen tsibirin Gotland.

Ga yadda ginin yake tsayuwa. Cocin yana da layi uku: babban layi a tsakiya, da ƙananan layuka biyu a gefe masu gajeren rufi. Rufin tsakiya irin wanda maginanmu ke kira daurin guga ne, wato bakuna suna tasowa daga ginshiƙai su haɗu a tsakiya, a cike tsakaninsu da siririn gini. Bakan yana da tsini a sama, abin da ke sa nauyi ya fi gangarowa ƙasa maimakon ya bazu gefe. Duk da haka rufin yana tura bango waje. Maganin wannan shi ne wasu rabin bakuna da aka gina a waje, suna tsallake rufin ƙananan layuka, suna dafe bangon sama kamar hannuwa, suna sauke nauyin a kan kakkauran ginshiƙai na waje. Da yake ba bango ne ke ɗauke da nauyin ba, sai aka huda shi da dogayen tagogi, haske ya shigo daga sama.

Da wannan dabara rufin tsakiya ya kai mita 38.5, kuma har yau babu rufin tubali irinsa da ya kai shi tsawo a duniya. A gabas, bayan bagade, an yi hanya mai zagayawa da ƙananan ɗakunan ibada a jikinta, kamar yadda ake yi a Faransa. Garuruwan Hansa suka gani suka kwaikwaya. Ana ƙiyasta coci kusan 70 a kewayen Baltik sun ɗauki tsarinsu daga nan, cikinsu har da na Stralsund da Wismar.

Mutanen gari suna da tatsuniyarsu game da ginin. Wai Shaiɗan ya ga ana aza harsashi, magina suka ce masa gidan giya ake ginawa, ya yi murna ya kama musu aiki. Da ya gane coci ne, sai ya ɗauko ƙaton dutse zai rushe shi, har sai da aka yi masa alkawarin gina mashaya a kusa. Mashayar ita ce ta ƙarƙashin gidan majalisa. Dutsen yana nan a jikin bangon cocin, kuma tun 1999 akwai ɗan gunkin Shaiɗan na tagulla zaune a kai, masu yawon buɗe ido suna ɗaukar hoto da shi.

Rawar mutuwa

Ana cikin kammala hasumiyoyin, a 1350, annobar da ake kira Baƙar Mutuwa ta iso Lubek, ta kuma riƙa dawowa lokaci bayan lokaci. A 1463, wata annobar na tunkaro garin, mai zane Bernt Notke ya yi wani dogon zane na kusan mita 30 da ya kewaye bangon ɗaya daga cikin ɗakunan ibadar. An kira shi Rawar Mutuwa. A cikinsa ƙwarangwal suna riƙe da hannun mutane a jere, daga Fafaroma da sarkin sarakuna, zuwa magajin gari da ɗan kasuwa da manomi, har jariri a shimfiɗarsa. A bayansu an zana birnin Lubek da hasumiyoyinsa da jiragensa, don kada mai kallo ya ɗauka wasu mutanen ake nufi. Attajiran da suka gina coci don nuna isa, su ne kuma suka rataya wa kansu wannan tunatarwa a cikinsa. Da zanen ya tsufa, aka maye shi da kwafi a 1701.

Yadda ya zama na Lutheran

Kusan shekara ɗari biyu cocin yana na Katolika. A 1517 Martin Luther ya fito da hujjojinsa 95 a Wittenberg, yana sukar sayar da takardun yafe zunubi, rikicin da ya raba Cocin Yamma biyu. Mabiyansa ake kira Lutheran, ɗarikar da masu mishan 'yan Denmark suka kai Numan a 1913.

A Lubek majalisa ta ƙi sabuwar koyarwar da farko, domin tana tsoron ɓata wa sarkin sarakuna rai, shi da ke riƙe da 'yancin garin. Talakawa da masu sana'a kuwa sun karkata ga Luther. A ƙarshen 1529 suka ɓullo da wata dabara: limami yana cikin ibada da Latin, sai jama'a su ɗauki waƙoƙin yabo na Luther da Jamusanci, su rufe muryarsa. Masana tarihin garin suna kiran wannan yaƙin waƙa. Abin da ya karya majalisar shi ne bashi. Tana neman sabon haraji, kwamitin 'yan gari kuma ya ce ba za a biya ba sai an ba su masu wa'azin da suke so. A 1530 majalisa ta sallama. Johannes Bugenhagen, abokin Luther, ya zo ya rubuta wa garin sabon tsarin coci a 1531, wanda ya haɗa da makaranta da kula da matalauta.

A wasu garuruwan Turai, masu gyaran addini sun farfasa gumaka sun ƙone hotuna. Lutheran na Lubek ba su yi haka ba. An kwashe kayan azurfa na coci-coci zuwa baitulmalin gari, amma zane-zane da sassaƙe-sassaƙe sun zauna a wurarensu. Abin da ya sauya shi ne inda hankali yake: wa'azi da harshen jama'a, da waƙar da kowa ke rerawa. Hotunan da aka zana a jikin bango tun ƙarni na 13 da na 14 kuwa, a hankali aka shafe su da farar ƙasa, har aka manta da su.

Son waƙa ya jawo wa cocin wani sabon suna. Yana da ogan, babban abin kiɗa mai ɗaruruwan bututai da ake hura wa iska. Franz Tunder, wanda ya riƙe aikin kaɗa shi daga 1641, ya fara shirya kiɗa don 'yan kasuwa. Magajinsa Dieterich Buxtehude, wanda ya karɓi aikin a 1668 ya kuma auri 'yar Tunder, ya mayar da abin babban taron kiɗan yamma, attajirai suna biya, jama'a suna shiga kyauta. A 1703 Handel da abokinsa Mattheson suka zo duba ko ɗayansu zai gaji kujerar, suka tarar sharaɗin ya haɗa da auren 'yar Buxtehude, suka koma Hamburg. A 1705 wani saurayi ɗan shekara ashirin, Johann Sebastian Bach, ya tako da ƙafa daga Arnstadt, tafiyar kimanin kilomita 400, don ya ji dattijon. Hutun mako huɗu aka ba shi, ya yi kusan wata huɗu, ya koma ya sha tuhuma a gaban shugabanninsa.

Daren wuta

A Yaƙin Duniya na Biyu, jiragen Jamus sun ragargaza garuruwan Ingila, cikinsu har da Coventry a watan Nuwamba na 1940, inda babban cocin garin ya ƙone. A daren 28 zuwa wayewar 29 ga Maris 1942, jiragen yaƙin Birtaniya 234 suka nufi Lubek. An zaɓi garin ne saboda yana bakin ruwa, ana gane shi da sauƙi a farin wata, ga kuma tsofaffin gidaje masu katako a cushe, irin da wuta ke so. Mutum fiye da 300 suka mutu, kusan kashi ɗaya cikin biyar na tsohon garin ya ƙone.

Rufin katako na Cocin Maryamu ya kama, kawunan hasumiyoyin suka ci wuta, ƙararrawa suka yanko daga sama suka faɗo. Rawar Mutuwa ta ƙone. Ogan da Buxtehude ya kaɗa ya ƙone, haka agogon taurari na ƙarni na 16, da kujerun fatake. Kaɗan ne suka tsira, cikinsu akwai kwamin baftisma na tagulla na 1337 da allon bagaden da aka sassaƙa a Antwerp a 1518.

Washegari ranar Lahadin Dabino ce. Wani fasto Lutheran na wani cocin a garin, Karl Friedrich Stellbrink, ya yi wa'azin da aka fassara da cewa yana kiran harin hukuncin Allah. 'Yan sandan asiri na Nazi suka kama shi. A ranar 10 ga Nuwamba 1943 aka sare kansa a Hamburg tare da limaman Katolika uku na Lubek: Johannes Prassek da Hermann Lange da Eduard Müller. Shugabannin cocinsa na lokacin, waɗanda ke tare da gwamnatin Hitler, ba su tsaya masa ba.

Abin al'ajabin da ba al'ajabi ba

Wutar ta yi wani abin da ba a zata ba. Zafinta ya ɓamɓare farar ƙasar da ke bango, sai ga tsofaffin hotunan nan sun bayyana bayan ɗaruruwan shekaru. Mutane suka ɗauki abin wata alama ce daga Allah a tsakiyar kango. Amma cocin ya yi shekaru ba cikakken rufi, ruwa da sanyi suka cinye yawancin abin da ya fito.

An fara sake gini a 1947. A 1948 aka ba Dietrich Fey kwangilar gyara hotunan, shi kuma ya ɗauko mai zane Lothar Malskat, ɗan asalin Königsberg, wanda ya daɗe yana yi masa aiki. Aikin yana can sama, a kan dandamalin katako da ba kowa ake bari ya hau ba. A babban layin cocin akwai ragowar zanen gaskiya, Malskat ya bi ta kansu da fenti. A bangon sama na sashen gabas kuwa kusan babu abin da ya rage. Sai ya zauna ya ƙirƙiro jerin tsarkaka daga kansa, yana duba littattafan tarihin zane, yana dusashe launi don ya yi kama da tsoho.

A watan Satumba na 1951 aka yi bikin cikar cocin shekara 700. Shugaban gwamnatin Jamus ta Yamma, Konrad Adenauer, ya halarta. Masana suka yaba hotunan, aka yi rubuce-rubuce a kansu, gidan waya ya buga kan sarki miliyoyi masu ɗauke da zanen cocin. Yabo da kuɗi suka tafi wurin Fey, sunan Malskat ko a baki.

A 1952 Malskat ya fito ya ce shi ya zana su. Ba a yarda ba. Garin da ya rasa kusan komai ba ya son a ƙwace masa abu ɗaya da yake gani wuta ta ba shi. Sai da ya sa lauyansa ya shigar da ƙara a kansa shi kansa da Fey, sannan aka kafa kwamitin bincike, wanda ya tabbatar da maganarsa. A farkon 1955 kotu ta ɗaure Fey wata 20, Malskat wata 18. Daga baya aka wanke tsarkakan da ya ƙirƙira daga bangon gabas. Marubuci Günter Grass ya dawo da labarin a littafinsa Die Rättin na 1986, inda ya jera Malskat da shugabannin Jamus biyu na shekarun 1950, yana nuna cewa zamanin gaba ɗaya na rufa-rufa ne, kuma mai fentin ne kaɗai ya amsa laifinsa.

Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma Malskat bai haƙa wannan shi kaɗai ba. Akwai masu ba da kwangila da ba su hau dandamali sun duba ba, da masanan da suka ga abin da suke so su gani, da jama'ar da ke marmarin a ce musu tarihinsu ya fito daga wuta lafiya. Shekara shida kacal da ƙare yaƙi, tambayar yadda aka yi wutar ta zo, da abin da Jamus ta yi wa wasu kafin ta zo, tambaya ce mai nauyi. Kyawawan hotuna a bango sun fi ta sauƙin kallo.

Abin da ke nan yau

Yawancin aikin sake ginin ya kammala a 1959, ƙaramar hasumiyar da ke kan rufi kuma aka mayar da ita a 1980. A 1987 Hukumar UNESCO ta sa tsohon garin Lubek cikin wuraren tarihi na duniya. Cocin yana nan na Lutheran, ana ibada a cikinsa, ana kuma ci gaba da kiɗan yamma. A ɗakin da Rawar Mutuwa take a da, ba a yi yunƙurin sake zana ta a ce ita ce ba. An sa tagogin gilashi masu launi, aikin Alfred Mahlau, waɗanda suka ɗauko jigon, a ƙasansu kuma ga Lubek tana ci da wuta. An ƙera sabon agogon taurari, kowa ya san sabo ne.

Kusa da ƙararrawan nan biyu akwai gicciye na ƙusoshi, kyauta daga cocin Coventry, garin da jiragen Jamus suka ƙona wata goma sha shida kafin a ƙona Lubek. Wanda ya tsaya a wurin, idan ya juya ya dubi gabas, zai hangi rufin da fatake suka ɗaga mita 38.5 da tubalin yumɓu, da bangon sama inda aka wanke tsarkakan Malskat. A gabansa kuma ga tagullar da ta narke, a daidai inda ta faɗi a daren 28 ga Maris 1942.